Ranar Da Dada Ta Kira Sunansa

Ja'afaru tela ne a layin 'yan yadi na Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, amma ka kuskura ka kira shi tela, sai ya ɗaure fuska kamar ka zagi kakansa. Shi a ganinsa mawaƙi ne kuma ɗan wasa, ɗinkin nan rufin asiri ne kawai kafin duniya ta farga da shi. Ƙafa na kan keke, baki na kan waƙa, ido na kan hotunan 'yan wasan Indiya da ya manna a bangon shago. In ka ba shi ɗinkin ƙaramar salla, to ka sa rai da babba. Sa'o'insa duk sun tara iyali, shi kuwa ya haura talatin yana faɗin magana ɗaya: "Ni dai a san sunana a garin nan kafin in mutu, ko da na yini guda ne."

Abin takaicin, ko a cikin gidansu akwai bakin da bai taɓa furta sunan nan ba. Mahaifiyarsa Hamsatu, wadda kowa ke kira Dada, Bafulatana ce ta gidi, ko da yake shanun sun ƙare tun yana goye, suka tattara suka shigo gari. Shi ne ɗanta na fari, ɗan fari kuwa a wurin irin su Dada ba a kiran sunansa, ba a yaba shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. In tana son magana da shi sai ta ce "kai". In zancensa take, sai ta ce "yayan Azumi", wato ƙanwarsa. Ko wani Ja'afarun daban ta gani, "mai sunan wancan" take ce masa. Ya san al'ada ce, ya san ba ƙiyayya ba ce, domin kullum ya dawo kasuwa sai ya tarar da ƙwaryar kindirmo a bayan randa, an rufe da faifai, ita kuwa tana kallon wani wuri ta ce, "Wani ya ɗauke abin can kada kyanwa ta sha." Duk da haka abin yana ci masa rai tun yana yaro, bai dai taɓa gaya wa kowa ba.

Dada nono da man shanu take sayarwa a gindin bishiya kusa da ƙofar kasuwa, tana sarowa daga matan ruga. Waƙar ɗanta kuwa a wurinta roƙo ce. "Jikan masu shanu ba ya roƙo," abin da ta taɓa faɗa ke nan, ba ta ƙara ba.

Ana nan sai ga Abdulsalam. Wani saurayi ne mazaunin unguwar Yelwa, mai ɗaukar bidiyon biki, yana da kyamara irin ta saɓawa a kafaɗa wadda yake yawo da ita gidajen manya a GRA. Ya ce ya ji 'yan Kano sun fara yin fim a kaset, to Bauchi me ta rasa? Zai yi nasa, na waƙa da barkwanci, kuma ya riga ya ga jaruminsa a bisa keken ɗinki. Labarin fim ɗin shi ne wani mawaƙi ne da babu mai sayen kaset ɗinsa, sai ya lura mawaƙan da suka mutu su ake rububin waƙarsu, sai ya yi mutuwar ƙarya. Ana cikin tafiya da shi maƙabarta, makaɗinsa yana kuka sai hannunsa ya taɓa kalangu bisa kuskure, gawa ta ji kiɗa, ƙafa ta soma rawa, ta miƙe tana waƙa. Sunan fim ɗin ma daga nan aka samo shi.

Abdulsalam ya ce mawaƙin za a sa masa suna Ɗan Gayu. Ja'afaru ya ce sam.

"Wahalar tawa, sunan na wani? Ba da ni ba, darakta. Ja'afaru zai mutu, Ja'afaru zai tashi."

Aka bar masa. Da hannunsa ya ɗinka likkafanin, yana yi yana rera waƙar tashin gawa, maƙwabtansa na shago suna cewa Allah ya shirye shi. Dada dai bai gaya mata ba, haka ma Azumi.

To a wancan zamanin babu ɗakin da ake shiga a gyara murya. Abin da kyamara ta ji lokacin ɗauka, shi ne fim. Wani abokin Abdulsalam mai suna Amos, mai gyaran rediyo, shi yake ɗaure makirfo a kan gora ya miƙa saman kawunan 'yan wasa. Zakara ya yi cara, ya shiga fim. Ɗan acaba ya wuce, ya shiga fim. Saboda haka dokar Abdulsalam ɗaya ce: in ya ce "mu je", ko kunama ta harbe ka, kada ka fita daga wasa. Ranar ɗaukar jana'iza kuma dokar ta ƙara tsanani, domin an ɗauke wuta tun jiya, batirin kyamara guda ne, shi ma ya yi rabi.

"Ɗauka ɗaya ce, babu maimaici," in ji Abdulsalam, yana ɗaure wa Ja'afaru bakin likkafani. "Kai gawa ce har sai ka ji kalangun Ɗanlarai makaɗi. Ko sama za ta faɗo, kada ka motsa. Ka ji ko?"

"Na ji. Ni da na mutu?"

Aka yi dariya, aka ɗora shi a makarar gwangwala da suka ɗaura da kansu, aka lulluɓa masa tabarma. Wani lungu suka zaɓa a bayan kasuwa, da hantsi, wai don babu mutane. Tsarin shi ne 'yan wasa su fito da shi daga wani zaure, su kai gindin tsamiyar ƙarshen lungu, can Ɗanlarai makaɗi ya taɓa kalangun da ya ɓoye cikin babbar riga, shi ke nan.

Sun lissafa komai, ban da abu ɗaya da ko yaron goye ya sani: a garin nan makara ba ta wucewa a tsaya ana kallo. Suna fitowa, mai shayin bakin lungu ya rufe tukunya ya biyo baya. Ɗan dako ya ajiye baro. Masu shago suka riƙa janyo ƙofa suna salati. Kowa kuma so yake ya sa kafaɗa ko taku kaɗan ne ya samu lada, wannan ya karɓa, wancan ya karɓe shi, kafin a kai tsamiya babu ɗan wasa ko ɗaya a ƙarƙashin makarar. Ɗanlarai da kalangunsa an tura shi can baya, ya kuma ji tsoro, domin wa zai buga kiɗa a tsakiyar mutane masu hailala da gaske?

Abdulsalam yana tafiya da baya-baya, ido a cikin kyamara, ya ga taron da ko shekara zai yi ba zai iya haɗawa ba. Tsuntsu daga sama gasasshe! Ya ɗaga hannu ya yi wa yaransa alamar kowa ya kama bakinsa.

Wani dattijo ya tambayi ɗaya daga cikin 'yan wasan, "Wa aka rasa?"

Yaron ya dubi gorar Amos tana lilo a saman kansa, ya tuna doka. "Ja'afaru ne, baba. Allah ya jiƙansa."

"Ja'afaru tela? Na Hamsatu mai nono?"

Ya gyaɗa kai.

Shi kuwa gogan yana cikin likkafani, zufa na bin kunnuwansa, yana jin kafaɗu suna sauyawa a ƙarƙashinsa. Ya gane abu ya ɓaci, amma kuma, Allah ya yafe masa, daɗi yake ji. Ta ko'ina sunansa ake faɗa. "Ja'afaru, yaro mai fara'a." "Jiya-jiyan nan na wuce yana waƙa." Har da wani da ya riƙe wa ɗinki tun azumi, ya ji shi yana cewa ya yafe. Bai san makarar ta wuce tsamiya ba, bai san masu ɗauke da ita sun karya kwana sun bi hanyar maƙabarta ta gaske, wadda ta ratsa ta ƙofar kasuwa.

Sai ya ji ƙwarya ta faɗi ta fashe. Sai wata murya ta keta salatin mutane.

"Ja'afaru! Ja'afaruna! Wayyo ni Hamsatu, Ja'afaru!"

Da farko bai gane ta ba. Ina zai gane, shi da bai taɓa jin wannan suna a cikin wannan murya ba? Sai da hannu ya cafki ƙafarsa ta saman likkafani, hannu mai kaushi da sanyin nono, sannan ya san ko wace ce. Dada ce, ba mayafi, ba takalmi, a tsakiyar maza, tana jan makara tana kiran ɗanta na fari da sunansa a gaban duk kasuwa.

A nan ne ya kamata ya tashi. Kowane ɗan halak a nan zai yage likkafanin ya ce, Dada ga ni, wasa ne. Ja'afaru bai tashi ba. Ya tuna batir, ya tuna ɗauka ɗaya ce, ya tuna bai ji kalangu ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, gara a faɗe shi: so yake ta ƙara kira. Ya yi lamo, ya riƙe numfashi, ta kuwa ƙara, ta ƙara, har muryar ta soma shaƙewa.

Ɗanlarai ne ya kasa jurewa. Ya zaro kalangu ya doka da ƙarfin tsiya, ba don fim ba, don kawai mutumin nan ya tashi. Ja'afaru ya wuntsila tabarma ya miƙe zaune, bakinsa ya kama abin da ya haddace tun kafin hankalinsa ya dawo:

"Gawa ta ji kiɗa, ku dakata,
Ramin ba gudu zai yi ba, ku bar ni in taka!"

Kai, ranar an ga gudu. Aka saki makara ta daki ƙasa, manya da rawani suka riƙa tsallake kwata, takalma suka cika titi, mai lemo ya bar tirensa. Ja'afaru yana tsaye cikin farin yadi yana waƙa, idonsa na neman ta. Ya hango ta zaune dirshan cikin nonon da ya malale, tana kallonsa, bakinta ya karkace gefe guda. Sai a sannan ya daina waƙar. Kyamara kuwa ta kwashe komai kafin batir ya mutu.

Da mutane suka gane wasa ne, sai tsoro ya koma fushi. Abdulsalam ya rungumi kyamararsa ya bi lungu, 'yan wasa suka sha jifa, dattawa suka yi ta Allah wadai. Ja'afaru bai ji ko ɗaya ba. Da likkafanin a jikinsa ya ɗauki Dada ya sa a tasi.

A asibiti aka ce jininta ne ya hau, ɓarin dama ya shanye, harshe ya karye. Aka ce ta yiwu maganar ta dawo, ta yiwu kuma shi ke nan. Ba ta dawo ba. Aka maido ta gida aka kwantar a ɗakinta, Azumi ta nemi izinin mijinta ta dawo jinya. Ja'afaru ya rufe shago, shi ne ɗebo ruwa, shi ne wanki, shi ne juya ta. Dada tana binsa da ido, ba fushi ba murna, ya rasa me ke cikin kallon.

Wata rana suna shanya a tsakar gida Azumi ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Yaya, tsakaninka da Allah, ka ji ta ko ba ka ji ta ba?"

"Likkafani ya toshe min kunne," in ji shi.

Ta matse zanen da ke hannunta har ruwan ya ƙare. "Allah ya sa haka ne."

Bayan ƙura ta lafa, Abdulsalam ya aiko a kira shi Yelwa, ɗakin da suke tace fim. Tacewar ma ba wani abu ba ne, bidiyo biyu ne aka haɗa da waya, ana kunna wannan ana naɗa a wancan. Suka zaunar da shi gaban talabijin suka kunna masa jana'izarsa. Ya ga taron, ya ga makara na yawo bisa kafaɗu, ya ga wata tsohuwa ta faɗo cikin hoto da gudu kanta ba ɗankwali. Gorar Amos tana daidai saman kanta, don haka muryar ta fito tar, ta fi ta kowa. Ya ji sunansa. Ya ce a maido baya. Aka maido. Ya ce a ƙara.

Abdulsalam ya gyara zama. "Ja'afaru, na san da ciwo, wallahi na sani, Allah ya ba Dada lafiya. Amma ka duba da idon sana'a. Na nuna wa masu sayar da kaset, sai da ɗaya ya faɗo daga benci don dariya. Kukan tsohuwar nan shi ya sa tashinka ya yi armashi. Babu 'yar wasan da za ta iya wannan, ko daga Indiya aka ɗauko ta. In aka cire, fim ya zama lami, kai kuma ka koma kan kekenka."

Amos ya ajiye sukuddireban da ke hannunsa. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, amma maganar ta fito sarai.

"Ja'afaru, ka ji nawa. Mama naka ba 'yar wasa ba ne, bai san ana ɗauka ba. Ni zan iya yanke wurin, daga makara sai kalangu, ba wanda zai sani. In muryan ne kana so, zan juye maka a ƙaramin kaset, ka ajiye a gida, kai kaɗai ka ji. Amma kada ka sa shi a kasuwa. Ni na riƙe goran nan, har yau ba na jin daɗin raina."

Ka ga an raba masa gardama. Da Amos bai yi wannan tayin ba, da Ja'afaru ya samu abin faɗa wa kansa, cewa don muryar uwarsa kada ta ɓace ya bari. Yanzu ga muryar an ba shi kyauta, a ƙaramin kaset, shi kaɗai. Abin da ya rage a kan tebur sunansa ne kawai. Ya dubi talabijin, hoton ya tsaya daidai inda yake tsaye cikin farin yadi, hannu a sama, jama'a na watsewa. Tun da yake bai taɓa ganin kansa da kyau haka ba.

"Ai fuskarta ba ta fito sosai ba," ya ce a hankali.

"Ta faɗi suna nata da baki nata," in ji Amos.

Ja'afaru ya ce, "A bar shi a ciki."

Amos ya tattara kayan aikinsa ya fita, bai yi sallama ba.

Fim ya fito, kuma maganar Abdulsalam ta tabbata. Kaset ya yi kasuwa har Azare, har Gombe, har Jos. Ja'afaru ya wayi gari ba ya iya ratsa Muda Lawal sai an tare shi. Masu acaba ba sa karɓar kuɗinsa, aka gayyace shi waƙar biki a GRA, gidajen da da ko maigadi ba zai amsa masa sallama ba. Abin nema ya samu. Sai dai ba waƙar gawa mutane suka ɗauka ba, wadda ya ɓata makonni yana tsarawa. Abin da ya kama bakin gari kukan tsohuwa ne. Duk inda ya bi sai wani ya ɗora hannu a ka, ya maƙe murya, ya ce, "Ja'afaruna! Wayyo ni Hamsatu!" a fashe da dariya, a miƙo masa hannu. Waɗanda suka san gaskiyar lamarin sukan kau da kai in sun gan shi, amma su nawa ne? Shi kuma ya koyi yin murmushi yana ɗaga hannu.

Abu ɗaya yake roƙo, kada ya isa kunnen Dada. Gidansu babu talabijin, ita kuma ba ta fita. Ya ɗauka katanga za ta tsare.

Wata ranar Asabar bayan la'asar ya shigo da sabuwar atamfa da ya sayo mata, ya karɓi kofin kunu daga hannun Azumi ya ce yau shi zai ba ta. Ya tallafo kanta, ta karɓi cokali ɗaya, ta karɓi na biyu. Ashe maƙwabtansu sun sayi sabon bidiyo da kaset ɗin fim ɗin, kuma an kawo wuta. Ta saman katanga salatin masu jana'iza ya fara shigowa. Ja'afaru ya gane wurin tun kafin a kai, ya ɗaga murya yana ba Dada labarin atamfa, wai irin ta ce matan manya ke yayi. Bai hana komai ba. Ƙwarya ta fashe, muryar ta keto katanga ta shigo har ɗaka.

Matan gidan maƙwabtan suka sheƙe da dariya. Wata ta ce, "Wayyo cikina! A maido, don Allah a maido wurin tsohuwar!" Aka maido.

Dada ta daina haɗiya. Kunu ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. Ta saurara har aka kai ƙarshe, aka sake maidowa, ta ji kanta, ita Hamsatu da ta riƙe kunyar ɗan fari tun tana yarinya, tana kwarma da sunansa ana dariya. Sannan ta juyo da ido ta dube shi. Wannan karon ya gane abin da ke cikin kallon.

"Dada," ya ce. "Dada, ki tsaya in..."

Hannun hagu, mai sauran motsi, ya lalubo bakin zanen da aka rufa mata. A hankali ta ja shi, ya wuce ƙirji, ya wuce haɓa, ta rufe fuskarta ruf. Ya kai hannu zai janye, ya ji ta riƙe gam.

Azumi ta zare kofin daga hannunsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tashi ka fita, Yaya. Ga sunanka can ana ta kira."

Ya tashi. A tsakar gida idonsa ya kai bayan randa, babu ƙwarya, sai faifan yashe a ƙasa. Ya ratsa zaure ya fito ƙofar gida. Yaran unguwa suna nan suna jiransa, da ganinsa suka ɗora hannuwa a ka, suka maƙe murya irin ta tsohuwa, suka fara.